Neman shawara: dattijuwa mai ciwon suga ta dage sai ta yi azumin Yom Kippur

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin kula da wata dattijuwa Bayahudiya a Landan, tana kan allurar insulin, ga azuminsu na tuba ya gabato. Me zan shirya, me zan kiyaye?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Hajiya, wannan azumin ba shi da sahur. Ana ɗaukarsa kafin faɗuwar rana a jajiberin 10 ga watansu na Tishri, sai taurari sun fito washegari a sha ruwa, kusan awa 25 ke nan ba ci ba sha. An kuma hana wanka, shafa mai, takalmin fata da kusantar iyali. Ki nemo mata takalmin yadi ko na roba. Masu tsantseni ba sa kunna wuta ko taɓa waya, don haka fitilar banɗaki a bar ta a kunne tun da yamma.

Anti Nas: 'Yar'uwa, allurar insulin ba tare da cin abinci ba ita ce haɗarin. Suga zai faɗi, ki ga gumi, makyarkyata, magana tana sarƙewa. A dokarsu kuwa ceton rai yana gaba da azumi. Ki sa 'ya'yanta su ga likita tun da sauran mako guda, kada wani ya rage mata allura da ka. Su kuma tuntuɓi malaminsu, rabbi, don maganarsa ta fi saurin shiga kunnen tsofaffi. Sau da yawa yakan yarje wa mara lafiya ci kaɗan-kaɗan: loma ƙasa da mililita 30, ruwa ƙasa da cikin kumatu ɗaya, a bar minti 9 tsakani. Amma in awon suga ya nuna ƙasa da 4 mmol/L, babu sauran lissafi, ki ba ta lemo mai zaƙi nan take, ki sake aunawa bayan minti 15.

Maman Ilham: Na gode Anti. Abincin jajiberin fa?

Baban Walid: Romon kaza da shinkafa, a rage gishiri da yaji saboda ƙishirwa. Kada madara ko man shanu su shiga tukunyar nama, ba sa haɗa su. In mai shan kofi ce ta fara ragewa kwana 3 kafin ranar, in ba haka ba ciwon kai zai dame ta. A gama ci kafin ta kunna kyandir ɗin da suke kunnawa don shiga azumin, minti 18 kafin rana ta faɗi.