Neman shawara: ɗana ya kira ni garin inabi, zuciyata ta rabu biyu

Mai Garka, Jiratawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni manomin garka ne, shekara talatin ina dashen mangwaro da gwaba da lemu a bakin Gulbin Maradi. Babban ɗana yana Faransa, a wani ƙaramin gari da ake ce ma Muwasak (Moissac), yana aiki a wurin da ake tantance tuffa ana zubawa a kwali. An yi masa haihuwa, ya dage sai na je na ga jikana, kwana goma a watan Satumba. Takardu sun kammala, duk da wahalar da ake sha tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024.

Ga abin da ya hana ni barci. An ce mini yankin nan ƙasar giyar inabi ce, har a miya suna zubawa. Kuma mai gonar da ɗana ya fara yi wa aiki ya ce lalle sai na ci tuwon dare a gidansa. Wallahi ina ƙishin ganin gonakin nan da idona, don abin da na tashi a ciki ke nan, amma ba na son in je in dawo da abin da zan yi nadama. Me zan ci, me zan ƙi? Kuɗin da yaron ke aiko mini, ya halatta? Wanda ya san wurin ya taimake ni.

Ɗan Tibiri a Tuluz:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya raya. Ina karatu a birnin Tuluz, nan Faransa, tsakaninmu da Muwasak kamar kilomita 70 ne, jirgin ƙasa wajen awa guda, yana bi ta Montoban. Na je sau uku.

Ka kwantar da hankalinka a kan abu na farko. Inabin da garin ya yi suna da shi na ci ne, ba na matsa ba. Sunansa chasselas, ƙanana ne, launin zuma, fatar siririya, kuma tun 1971 hukuma ta ba shi shaidar cewa na yankin ne shi kaɗai. Satumba tsakiyar ɗibarsa ke nan, ka zo a kan gaɓa. Ka roƙi a kai ka rumfar da ake gyara shi. Za ka tarar da mata zaune da ɗan almakashi mai tsinin baki, kowace ta ɗaga nonon inabi guda ta juya shi a haske, tana cire duk ƙwayar da ta fashe ko ta ƙanƙance, ɗaya bayan ɗaya. Ba sa yarda yatsa ya goge farar ƙurar nan da ke jikin 'ya'yan, don da ita mai saye ke gane ba a jagwalgwala shi ba. Na tsaya na fi rabin awa ina kallo, na tuna yadda kakata ke tsince wake a faifai.

Gonakin giya suna nan, ba zan ɓoye maka ba, amma sun fi yawa wajen Kahor da Foronton. Abin da zai cika maka ido a Muwasak tuffa ce da kiwi da wani ɗan itace da suke kira prune.

Maman 'Yan Biyu, unguwar Zariya:
Kawu, ni a kicin zan tsaya, don nan ne mutum ke faɗawa bai sani ba. Na yi wata biyu wajen ƙanwata a can. Kwalbar da aka rubuta jus de pomme ruwan tuffa ne, sha abinka. Wadda aka rubuta cidre giya ce, ko da ka ga hoton tuffa a jikinta, kuma sau da yawa kusa da juna ake jera su a kanti. Busasshen prune na garin Ajan yana da daɗi, kamar dabino mai laushi, amma akwai wanda ake jiƙawa cikin armagnac a zuba a kwalba, shi ma barasa ce mai ƙarfi. Kek ɗinsu ma wani da wata barasa mai suna rhum ake kwaɓa shi, ka tambaya kafin ka kai baki.

Sai cassoulet. In ka gan shi za ka rantse dafaffen wake ne irin namu, ashe naman alade ne a ciki. Ka haddace kalma huɗu: sans alcool, sans porc, wato babu giya, babu alade. Ba sa jin haushi. Nama kuwa ka bar wa surukarka, akwai 'yan Maroko da yawa da aikin gonakin nan ya zaunar a garin, ita ta san mahaucin da take saye.

Kada ka wahalar da kanka da tsarabar kilishi ko man shanu, dokar Turai ta hana shiga da nama da kayan nono a jakar matafiyi, a filin jirgi za a karɓe. Kai musu kuka da kuɓewa busassa da yaji.

Malam na Sabon Gari:
Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka tafi. Hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya ya ambaci mai matsa ta, da wanda aka matsa wa, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Mai tantance tuffar ci ba ya cikinsu, albashin ɗanka halal ne in sha Allahu. Abin da za ka ja masa kunne a kai shi ne kada ƙarancin aiki ya kai shi ɗibar inabin da ya san matsewa za a yi.

Tunda ka yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu, a mazhabarmu ta Malikiyya cika sallah za ka yi da zarar ka sauka, ƙasaru a hanya ne kawai.

Gayyatar nan kuwa, ni ban goyi baya ba. An hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma mutanen nan ba sa cin abincin dare babu ita. Ka ba shi haƙuri cikin mutunci.

Tsohon direba, Ali Ɗan Sofo:
Allah gafarta Malam, ba gardama nake ba, amma akwai hanyar da ba sai an ƙi mutum ba. Alhaji, mai gonar nan ya riƙe maka yaro lokacin da bai san kowa ba. Alhaji, ka sa ɗanka ya faɗa masa gaskiya tun yanzu: babana ba ya zama inda ake sha. Ko dai ya ɗauke kwalbar a daren, ko a mayar da ziyarar ta hantsi, a zagaya gona a sha kofi. Na yi shekara shida a can, ban taɓa ganin manomin da aka gaya wa haka ya ɓata rai ba. Wanda ya yi shiru har aka zuba masa sannan ya ture kofin, shi ne ke ba su kunya.

Malam na Sabon Gari:
In za a ɗauke ta, ko a yi ta hantsi, babu laifi. Wannan ma ya fi.

Ma'aikacin gona, Madarunfa:
Baba, ni ta gonar nake ji maka. Kwana goma ba yawa, kada ka ƙarar da su a ɗaki. Jihar da garin yake, Tarn-et-Garonne, tana sahun gaba wajen noman tuffa a Faransa. Ka duba yadda suke jera itatuwan a kan waya kamar shinge, gajeru, mutum na tsaye yana ɗiba. Sirrin yana gindin: aure suke yi musu a kan tushen da ba ya barin itace ya yi tsawo. Kai da ka san auren mangwaro, minti biyar ya ishe ka ka gane hannunsu. Ka duba ragar da suke shimfiɗawa sama saboda ƙanƙara, da bututun ban ruwa na ɗigo-ɗigo. Wannan na ƙarshen shi ne zai yi mana amfani a nan, yanzu da rijiyoyin garka ke ƙara zurfi.

Amma kada ka yanko reshen tuffa ka ce za ka dasa a Jiratawa. Irin nasu sai ya sha sanyi mai tsawo kafin ya yi fure, hunturunmu ba ya kai masa. Inabi ne ke da ɗan fata, tunda ana yin sa a garakan Timiya cikin Ayar. Ka tambaye su yadda suke sassabe shi da lokacin da suke yi.

Ɗan Tibiri a Tuluz:
Na manta, Baba. Alƙibla a can gabas ce maso kudu, ba kamar gida ba. A Satumba agogonsu ya fi namu da awa guda, magariba kuma sai wajen ƙarfe takwas. Safiya da sanyi, ka taho da rigar ɗari. Yuro 10 jika shida ne da rabi da 'yan kai, in kana lissafawa da kuɗinmu ba za ka iya sayen ko ruwa ba, bar wa ɗanka aljihu. Kasuwa tana ci Asabar da Lahadi da safe. In ka shiga kanti ka fara da bonjour, gaisuwarsu ke nan, kuma duk yadda reshe ya leƙo hanya kada ka tsinka.

Da la'asar ka taka bakin kogin Tarn zuwa gadar Kakor, inda aka ɗora hanyar ruwa a kan gada, kwalekwale na wucewa ta saman kogi. Akwai kuma tsohon gidan ibadar Kirista da aka kammala farfajiyarsa a shekarar 1100, shi ne ke kawo baƙi garin.

Mai Garka, Jiratawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira yaron daren jiya, ya yi magana da mai gonar, mutumin ya ce hantsin ma ya fi masa, don lokacin ake ɗiba. Wai har wuƙar da yake auren itatuwa da ita zai nuna mini, ni ma zan tafi da tawa a cikin babbar jaka. Kilishin da na riga na saya kuwa jikokin gida sun samu. Ɗan Tibiri, jirgina ta Kazabulanka zai bi ya sauka Tuluz da rana, kuma ranar yaron yana aiki har ƙarfe biyar. Daga filin jirgi zuwa tashar jirgin ƙasa, mutumin da ba ya karanta faransanci zai iya kai kansa, ko in zauna in jira shi?