Shirin wa'azi a tsakiyar damina: yaya kuke yi?

Mai bishara, ƙasar Sumaila:
Salama gare ku. Shekarata biyu ina riƙe da wata ƙaramar majami'ar ECWA, ranar Lahadi ba mu kai mutum sittin ba. Albashin bai kai ya riƙe gida ba, dole na yi noma. Yanzu ana maimai, sai na dawo daga gona da yamma jikina ya mutu, na buɗe Littafi Mai Tsarki da tocila, barci ya sace ni. Wa'azin nawa a daren Asabar nake harhaɗa shi. Makon jiya na yi kan misalin mai shuka da Yesu ya bayar a Markus 4, na ji daɗin kaina sosai. Bayan an tashi wani dattijo ya ja ni gefe ya ce: "Malam, wane irin manomi ne zai zubar da iri a kan hanya?" Na rasa ta cewa. Iyayena a wannan aiki, yaya kuke yi?

Baba Fasto, Roni:
Ɗana, ai dattijon nan ya ba ka wa'azi kyauta. Mu da sungumi muke sara, mu jefa gero a rami mu take da diddige. Su a ƙasar Falasɗinu a zamanin Yesu yafa iri suke yi, kamar yadda ake yafin shinkafa a fadama, hanya kuma tana ratsa gonaki. Da ka fara da wannan, da sun bi ka har ƙarshe. Ni ranar Litinin nake zaɓen nassi, in karanta sau uku, in tafi da shi gona a kaina. Rabin wa'azina a bakin kunya nake samunsa. Asabar rubutu ne kawai, shi ma rabin takarda.

Wata uwa daga Zumuntar Mata, Tudun Wada:
Malam, roƙona ɗaya. Yawancinmu tsofaffi ba mu yi boko ba, da kunne muke riƙe Magana. Ku riƙa karanta ayar a hankali, ku maimaita. Kuma don Allah abin da mutum ya faɗa muku a ɗaki kada ya ji shi a bagade. An taɓa yi mini, wata uku ban taka sujada ba.

Baba Fasto, Roni:
Gaskiyarki, Mama. Wani abu kuma: tsofaffinmu da fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 suka tashi, wadda Likita Mila na Wusasa ya sa hannu a aikinta. Kai kuwa ta 1979 ce a hannunka. Ka ce Yahaya, su Yohanna suka sani. Ka riƙa duba duka biyun.

Mai bishara, ƙasar Sumaila:
Na gode, Baba. Mama, Allah ya ba da haƙuri. Tsohuwar fassarar akwai ta wajen dattijon nan, bangonta ma ya cire. Gobe zan je aro, in kai masa amsar tambayarsa.