Wai dusa ce ke kumbura wa doki fuska?

Mai Kili: Assalamu alaikum jama'ar barga, don Allah ina neman shawara. Kilina ɗan shekara uku da rabi ne, kusan wata biyu kenan na lura fuskarsa tana cika, daga ƙasan ido zuwa karan hanci, duka ɓangare biyun, in ka danna tauri ne kamar ƙashi, ba zafi ba majina. Yana ci amma a hankali, kuma in an fita kilisa yau ya ɗingisa da ƙafar gaba gobe da ta baya. Jiya wani likitan dabbobi ya zo, tambayar farko me nake bashi, nace dusar alkama safe da yamma da ɗan dawa sai busasshiyar ciyawa, harawa kam tunda ta yi tsada na rage sosai. Buɗar bakinsa sai yace dusar ce. Ni dai abin bai kwanta min ba wlh, dusa kuma?

Baba Shamaki: Wa alaikumus salam. Yaro wannan magana ban yarda da ita ba. Na haura shekara arba'in ina barga, ubana ma a barga ya tsufa, dusa muka tarar ana ba doki kuma da ita muka yi kiwon dawakan da suka yi hawan Daushe har suka gaji. In dusa na kumbura fuska da babu doki mai fuskar kirki a Kano. Jini ne ya taru masa a ka, a samu wanda ya iya a yi masa lalas a jiƙa masa kanwa, sati biyu ka bani labari.

Ɗan Sukuwa: Baba ya faɗi gaskiya, nima dusa nake bayarwa kuma dokina lafiyarsa ƙalau. Ni ina zargin linzami ne, linzaminmu na gargajiya mai zobe in yaro mai hannu da ƙarfi ya hau yana fizga sai ya ji wa doki ciwo a haɓa ya kumbura

Mai Kili: A'a ba a haɓa bane, sama ne wajen karan hanci, kuma bakinsa ba ciwo na duba

Mai Folo: Ku tsaya tukuna kafin a tafi ga dusa ko lalas. Mai Kili ka duba min ramin nan da ke saman idonsa, ya cike? Fatar idon ta kumbura? Ka saka masa tamomita, ma'aunin zafin jiki? Don ni abin da nake tsoro a duk kumburin kai shi ne cutar dawakin nan ta Afirka wadda ƙananan ƙwarin nan masu cizo da magariba ke yaɗawa, na taɓa rasa doki da ita ƙarshen damina, da safe ramin idon ya cike kai ya zama kamar tulu wuya ya kumbura, kwana biyar ba mu kai ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Mai Kili: Allah ya mayar da alheri. Ramin idon yana nan yadda yake, likitan ya gwada zafin jiki yace 38

Dokta: Amin. Sannunku da ƙoƙari, Baba barka da yini, a gafarce ni zan ɗan tsawaita. Tambayar Mai Folo ita ce ta farko da ya kamata kowa ya yi, don waccan cutar ba ta jira. Amma ita da zazzaɓi take zuwa, 39 zuwa 41, alhali doki mai lafiya yana tsakanin 37.5 da 38.5, kumburinta ruwa ne mai laushi, kuma cikin kwanaki take gama aikinta, doki ba zai yi wata biyu yana kilisa da ita ba. To wannan mun ajiye ta gefe.

Abin da Mai Kili ya zayyana, kumburi mai tauri, dama da hagu daidai wa daida, doki matashi, ɗingishi mai yawo daga ƙafa zuwa ƙafa, cin abinci a hankali, ga dusa da dawa ba harawa, wlh kamar an buɗe littafi ne. Ba wai dusa guba ba ce. Abin da ke faruwa shi ne jikin doki yana son sinadarin kalsiyam, mai ƙarfafa ƙashi, ya fi sinadarin fosfaras yawa a abincinsa, kamar kashi biyu da ɗaya, in an matsa ƙwarai to kada fosfaras ya rinjaya. Ita kuwa dusar alkama fosfaras ɗin cikinta ya ninka kalsiyam kusan sau goma, dawa da gero da masara su ma duk ɓangaren fosfaras suka karkata. In aka daɗe a haka kalsiyam na jini ya fara ƙasa, akwai wasu ƴan ƙananan sassan jiki a wuya da aikinsu kenan su tsare shi, sai su ba da umarni a riƙa kwasowa daga ƙashi. Ƙashin da aka kwashe sai wani nama mai jijiya-jijiya ya maye gurbin, shi ne kake gani ya taso a fuska don ƙasusuwan fuska ne ke fara nunawa, haƙora su yi girgiɗi shi ya sa tauna ke masa wuya, ƙafafu su yi ta ciwo. Turawa ma ciwon dusa suke ce masa tun da can, wasu su ce ciwon dokin mai niƙa, saboda dawakan masu injin niƙan alkama da ake cika wa dusa su aka fi gani da shi.

Baba Shamaki: Dokta na ji bayaninka kuma na gode, amma ba ka amsa min ba. Mu da muka shekara muna ba da dusa me ya sa namu ba su yi ba? Ko a lokacin babu fosfaras ɗin ne?

Dokta: Akwai shi Baba. Amma in tambaye ka, a bargarku ta da, harawa nawa doki ke ci a rana?

Baba Shamaki: Harawa ai ba a aunawa, rumbu guda ake tarawa da kaka, ta wake da ta gyaɗa, doki ya ci ya bari. Dusa kuwa ta gero ce ta surfen gida, ɗan abin da mata suka tara a dama da ruwa da kanwa a ba shi

Dokta: To Baba ai kai ka ba da amsar da kanka. Harawar wake da ta gyaɗa cike suke da kalsiyam, su ne ke biyan bashin da dusa ke ci. Ku dusa ƙari ce a kan harawa, yanzu kuwa mutum zai sayi buhun dusar alkama ta kamfani ya mai da ita ita ce abincin, harawa ta zama ta marmari saboda tsada musamman da bazara. Ba abinci ɗaya kuke magana a kai ba.

Ɗan Sukuwa: Amma Dokta nima buhun nake saya fa kuma ba abin da ya samu nawa

Ɗan Maraɗi: Kai naka shekararsa nawa? Kuma ba kai ne kake turo hoton harawa cike da mota ba kwanaki? Mu nan wajenmu ƙananan da ba su gama girma ba su na fi gani da wannan cikar fuska, manya sai dai ka ga suna taka ƙasa kamar a kan ƙaya

Ɗan Sukuwa: Shekara tara. Harawa kam gsky bana wasa da ita. Amma duk da haka ni ban yarda a ce duk kumburin fuska dusa bane, wannan shi ne inda nake ja

Dokta: A nan kam ina bayanka ɗari bisa ɗari, kuma ba wanda ya isa ya ce haka. Kumburi gefe guda, da majina mai wari ta hanci ɗaya, doki na tauna yana zubar da dunƙulen ciyawa, wannan ka nemi haƙori, saiwar turamen sama tana kusa da kogon hanci in ta ruɓe nan take fasowa. Doki ɗan shekara uku zuwa huɗu kuma yakan yi ƴan ƙulle-ƙulle a ƙasan muƙamuƙi lokacin da manyan haƙora ke fitowa, ba ciwo bane da kansu suke bajewa, na sha ganin an ƙona doki a banza saboda su. Kumburi tsakanin muƙamuƙai ko ƙasan kunne da zazzaɓi da majina mai kauri, wannan ciwon kaluluwar nan ne mai yaɗuwa, yakan nuna ya fashe da mugunya, shi kam a ware dokin, bokitinsa daban ragamarsa daban, mai kula da shi ya wanke hannu kafin ya taɓa wani. Sai kumburin da ya zo farat ɗaya a leɓe da hanci, maciji ko zuma ko rina, wannan ko tsakar dare ne a kira likita domin doki ba ya numfashi ta baki, hancin na toshewa shikenan.

Baba Shamaki: To wannan na kaluluwar ai shi muke wa sakiya ya fashe doki ya samu sauƙi, ko shi ma za ku ce kuskure ne

Dokta: In ya nuna ya yi laushi buɗe shi daidai ne Baba, mu ma muna yi, ana gasa wurin da tsumma mai ɗumi har ya nuna sannan a buɗe a wanke. Matsalar a taɓa shi bai nuna ba, ko a soki wurin da manyan jijiyoyin jini suke. Amma na Mai Kili ba mugunya a ciki, ƙashi ne da ya yi rauni, in aka ɗora masa wuta an ƙara masa gyambo ne ƙudaje su samu wurin zama, kalsiyam ɗin kuma bai dawo ba.

Mai Folo: Don Allah a ƙara da maganar allura. Mutane da sun ga kumburi sai a aika yaro kemis a sayo deksa, allurar saukar da kumburi, da fenisilin a danna wa doki, kumburin ya ɗan sauka kwana biyu a ce ya warke a ɗaura sirdi. Ni na yi wannan kuskuren a wancan dokin, na ɓata kwana biyun da ya kamata in ware shi in sa wa sauran gidan sauro da hayaƙi. Cutar dawakin nan ta Afirka iri tara ce kuma ba ta da magani sai riga-kafi kafin damina da hana ƙwarin cizo daga la'asar zuwa hantsi, dawakan da ake kawowa daga waje irin na Ajantina su suka fi faɗuwa, ko Tailan da ta shiga a 2020 ɗaruruwan dawaki ta kashe

Mai Kili: Dokta to yanzu ni me zan yi, kanwar da Baba ya ce fa? Kuma sallah saura wata biyu da ƴan kwanaki na riga na yi wa yara alkawarin hawa

Dokta: Kanwa gishiri ce, tana sa shi shan ruwa, amma ba za ta cike gurbin kalsiyam ba. Ka janye dusar a hankali cikin sati guda zuwa kwana goma kada ka canja masa abinci dare ɗaya cikinsa ya ɓaci, ka rage dawar, harawa ta zama ita ce abincin. Likitan da ya duba shi ya auna maka garin laimiston, wato garin dutse mai kalsiyam, irin wanda masu haɗa abincin kaji ke sayarwa gwargwadon nauyin dokin, ban ce farar ƙasar shafe bango ba don Allah, waccan tana ƙona baki. In da hali a kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a ɗauki hoton kan, a tabbatar ba haƙori ko wani tsiro a kogon hanci, don ni ban gan shi da idona ba. Maganar hawa kuwa ka haƙura bana, ƙashinsa ba ƙwari yanzu, a guje ɗaya yana iya karyewa, kuma warkewar watanni take ɗauka wani har shekara, ɗingishin ne ke fara tafiya, fuskar kuma ba lallai ta koma yadda take sak ba.

Baba Shamaki: Hana hawan kam na goyi baya, doki mai ɗingishi ba a kai shi gaban sarki. Harawa ma ban musa ba. Amma ni har gobe ba zan ce dusa ce ta yi ba, rashin harawa ne ya yi, a daina ɗora wa dusa laifi yara su ji su daina ba doki abin da ke sa shi ƙiba da sheƙi

Ɗan Maraɗi: Baba ai kusan magana ɗaya kuke da Dokta

Baba Shamaki: Ba ɗaya ba ce ɗana. Shi ya ce a janye dusa, ni na ce a ƙara harawa a bar masa ko cikin tafi biyu ne

Dokta: Ga lafiyayyen doki mai cin harawa ya ƙoshi na yarda Baba, tafi biyu ba komai. Ga wannan da ƙashinsa ya riga ya taɓu, a bari ya warke tukuna.

Mai Kili: Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na kira likitan yace zai zo jibi da ma'auni, lalas dai na fasa Baba a yi min afuwa. Yanzu wa ya san inda zan samu harawar gyaɗa mai ganye wadda ruwa bai taɓa ba, ko dami ashirin ne in fara da shi

Ɗan Sukuwa: Kira ni bayan isha'i, akwai ragowar ta wake a wajena ka fara da ita kafin a samo ta gyaɗar