Ɗanɗanon farin zoɓo a gidan masu yi: me ake dubawa kafin a sa a yi na biki?

Maman Hafsat, Gumel:
Assalamu alaikum. A ƙauyukanmu akwai gidajen da su ke noma yakuwa da kansu, su ɓare zoɓon, su shanya, matan gida su dafa su ɗura a gora. In an je neman na biki ko na suna, sai su jero kala 3 ko 4 na farin zoɓo a ɗanɗana. Jan kowa ya san shi, farin ne ke ruɗa mutane. Waɗanda suka san harkar su taimaka da yadda ake gane mai kyau.

Malam manomi, Maigatari:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki kai kofi baki, ce a kawo miki busasshen. Ki damƙi hannu guda ki matse: wanda ya bushe sosai zai yi ƙaras-ƙaras ya karye, mai danshi kuwa lanƙwashewa yake yi. Ki shinshina. Tsami mai tsabta ake so, ba warin gumi ko na rumbu ba. Ki karkaɗe shi a faranti ki duba ƙasa. In kin ga yashi, a ƙasa aka shanya, ba a kan tabarma ko tamfol ba. In kin ga gurguzu da yawa, ɓarar ce ba a yi da kyau ba, kuma shi ne ke kawo ɗaci idan aka dafa. Ja shi dillalai ke bi a kasuwar Maigatari ran Alhamis da Dawanau, don shi ake fitarwa zuwa ƙasashe irin su Meksiko, saboda haka an fi kula da shanyarsa. Fari yawanci na miya ne, sai a bar shi ga yara su shanya yadda suka ga dama. Sabo yana shigowa da kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba. Na bara yakan yi duhu, ƙamshin ya gudu.

Inna mai zoɓo, Ɗambatta:
Maganar Malam haka take. Ni abin da zan ƙara, kada ki yarda a fara ba ki mai sanyi mai sukari. Sanyi da zaƙi su ne mayafin da ake rufa wa zoɓo mara kyau. Ki ce a ɗebo miki daga tukunya kafin a zuba komai, wanda ya huce kawai. A zuba a kofin gilashi, ki ɗaga ki duba a haske. Mai kyau garai yake, launinsa kamar shayin da bai ji ganye ba. In ya yi gauraye-gauraye, ko tata ce ba a yi da kyalle mai laushi ba, ko an dafa shi har ya farfashe. Ki kurɓi kaɗan, ki riƙe a baki kafin ki haɗiye. Tsami zai fara kama gefen harshe, ya kamata ya wuce ya bar baki wasai. In ya bar ɗaci a maƙogwaro, dahuwa ta yi yawa. In kin ji ɗanɗanon ƙarfe a haƙori, tukunyar dalma ce, tsami yana cin ta. Samira wadda ba ta ɓare ba ta fi. Tsakanin kofi da kofi ki kurkure baki da ruwa, kuma ki fara da zalla, sai mai abarba, mai citta da kanumfari ya zo ƙarshe, don in citta ta riga ta kama harshe duk sauran ɗaya za ki ji su. Kada ki ci goro kafin ki je.

Anti Malama, Kazaure:
Inna, ni a nan na ɗan saɓa miki. Zalla yana nuna ingancin zoɓon, gaskiya ne, amma baƙi ba zalla za su sha ba. Dole a ɗanɗana wanda aka gama haɗawa, a sanyin da za a raba shi, saboda abu in ya yi sanyi zaƙinsa yana raguwa a baki. Wanda ya yi daidai da ɗumi, idan ya sha ƙanƙara sai a ji tsami ya taso. Farin kuma ya fi ja cin sukari. Awon da ke fitowa daidai: busasshe cike da gwangwanin madara 1 a ruwa lita 1, sukari cokalin cin abinci 6 zuwa 8. Wanda ya wuce haka ya koma ruwan alewa.

Inna mai zoɓo, Ɗambatta:
Ba mu saɓa ba, 'yata, sau biyu ake yi. Sai dai a fara da zalla. Kuma a wanda aka gama haɗawa ne ake kama masu sa sakarin, sinadarin zaƙin da ake sawa maimakon sukari: zaƙinsa ba ya tafiya, sai ya manne a can baya da ɗan ɗaci, ki sha ruwa ma yana nan.

Yaya Babba, Ringim:
A kula da kanwa. Wasu gidajen suna jefa ta don kashe tsami su rage kuɗin sukari. A ja nan take ake ganewa, don launin yana komawa baƙi-baƙi. A fari sai dai ya dusashe ya yi ruwan ƙasa, a baki kuma ya yi salam da ɗan santsi. Hanyar rage tsami ba tare da kanwa ba: a wanke busasshen sau 2 da ruwan sanyi da sauri, a tafasa ruwa daban, a sauke, a zuba zoɓon a rufe minti 20 zuwa 30, a tace. Ba a barin sa yana tafarfasa a wuta. Citta da kanumfari su ake dafawa cikin ruwan tun farko, kanumfari ƙwaya 4 ko 5 a lita ya isa, in ya fi haka baki ne zai mutu. Ɓawon abarba yana ba da ƙamshi mai daɗi, amma shi ne kan gaba wajen saurin lalata zoɓo in ba a wanke shi an dafa ba.

Malam na tsangaya, Hadejia:
Wannan batu na lalacewa ba na ciwon ciki kaɗai ba ne. Abin sha mai zaƙi na haɗin gida in ya kwana cikin zafi yakan fara tsima, sukarin ya soma juyewa zuwa abin maye. Ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha har yammacin rana ta 3, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Zafinmu na Afrilu da Mayu ba ya ma jiran kwana 3. Alamomin: gora ta kumbura ta yi tauri, a buɗe ta yi huci, ƙananan kumfa na tasowa daga ƙasa, harshe ya ji tsinke-tsinke. Wannan ba a gyara shi da ƙarin sukari.

Anti Malama, Kazaure:
Shi ya sa nake cewa a karɓo gora 2 a tafi da su gida. Ɗaya a sa a firji ko cikin ƙanƙara, ɗaya a ajiye a ɗaki daga safe zuwa la'asar, daidai yadda zai zauna a gidan biki in babu wuta. In ta ɗakin ta canza kafin yamma, matsalar tsafta ce: ko gorunan ba a wanke da ruwan zafi da sabulu ba, ko an sirka da ɗanyen ruwan rijiya bayan dahuwa.

Maman Hafsat, Gumel:
Allah ya saka da alheri. To ƙanƙarar fa, a ciki ake sakawa ko a waje?

Yaya Babba, Ringim:
A waje, Hajiya. Ƙanƙarar kasuwa ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma tana narkewa ta tsinka zoɓon. A ɗura a gora bayan ya huce sarai, a bar ɗan sarari a wuya, a jera gorunan a cikin kula, a fasa ƙanƙara a tsakani. Ki ce su dafa da asubar ranar bikin, a ɗauko kafin hantsi ya yi zafi.