Neman sunan Hausa: hoton PET

'Yar Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Jibi Laraba zan gabatar da shirin lafiya a rediyo nan Katsina kan hoton PET, wanda ake tura masu ciwon daji su yi. Ina neman sunan da tsohuwa a ƙauye za ta ji ta gane. A taimaka kafin gobe da dare.

Likitan Hoto: Kada dai ki ce hoton ƙashi, wannan na eksire ne. Eksire da CT (wani nau'in eksire mai amfani da kwamfuta) siffar gaɓa suke nunawa, PET kuwa aikinta. Ana yi wa mutum allurar wani sukari da aka maƙala wa fulorin-18 (sinadarin da ke sa na'urar ta gano inda sukarin ya taru), ya kwanta shiru kamar awa guda. Ƙwayoyin daji sun fi cin sukari, sai su tara shi, wurin ya fito fili. Ni dai "hoton aikin jiki".

Malam Ɗan Kusugu: Likita, wannan bayani ne, ba suna ba. Tushen abin fozitiron ne, wata mitsitsiyar ƙwaya da fulorin ɗin ke fitarwa, kuma na daɗe ina koya wa ɗalibaina shi da "kishiyar lantarki". Nauyinsa ɗaya da ilektiron, wato ƙwayar lantarki, cajinsu ne ya saɓa. Da sun gamu duka biyun sun ƙare, sai haske biyu su fita, ɗaya gabas ɗaya yamma. Zoben na'urar ya cafke su lokaci guda, kwamfuta ta ja layi tsakani. To, "hoton kishiyar lantarki".

Malama Mai Nahawu: Allah gafarta Malam, kimiyyar ta zauna. Amma matar da aka ce tana da sankarar mama, ta kunna rediyo ta ji "kishiya", ina hankalinta zai tafi? Ga "lantarki" kuma, za a ɗauka wuta za a jona wa mutum.

Bakano a Katsina: Mu a Kano sikanin kawai ake cewa, kowa ya gane.

Malam Ɗan Kusugu: Sikanin na masu juna biyu ne. Kuma Kano ba za ta koya wa Daura Hausa ba. Turawan ma da masanin kimiyya Anderson ya gano ƙwayar nan a 1932, haɗa kalma suka yi daga harshensu. Mu ne kullum sai aro?

Malama Mai Nahawu: Asibiti da likita aro ne, allura ma daga Larabci take, ba su rage mu da komai ba.

Bakano a Katsina: Daidaitacciyar Hausa dai an san inda ta jingina.

'Yar Ƙofar Marusa: Don Allah iyayena, lokaci. Zan ce "hoton PET, wato hoton aikin jiki", tunda PET ɗin ne za su gani a takardar likita, kuma ana yinsa don zuciya da ƙwaƙwalwa ma.

Malam Ɗan Kusugu: Ban gamsu ba, amma shirinki ne, 'yata. A aji kishiya zan ci gaba da cewa.

Likitan Hoto: Ki tuna musu da rashin cin abinci na wasu awanni kafin allurar. Kuma duk minti 110 rabin ƙarfin fulorin ɗin yake tafiya, shi ya sa dole injin da ke haɗa shi ya zama kusa.

'Yar Ƙofar Marusa: Wannan raguwar rabi-rabin fa, me za mu kira ta?