Musayar waƙa: don me ake jin zafi idan an ce mutum ba ya kawo sabon abu?

Matashi daga Aboabo:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na zangon Kumasi. Ga tambaya na kawo cikin baiti, ina roƙon amsa cikin baiti.

Iyayena, ku warware mini wannan,
Wane dafi ne a cikin wannan magana?
Idan an ce da mutum matalauci ne,
Yakan haƙura ya bar zancen ya kwana,
Amma in an ce an san ta bakinsa kafin ya buɗe,
Sai ya kasa barci har fitowar rana.

Malamar makaranta daga Asawasi:
Ƙanena, talauci ba zaɓin mutum ba ne,
Shi ya sa gorinsa bai kai zuciya ba.
Wanda ya ce ya riga ya san abin da za ka faɗa,
Ya nuna maka ke nan ba a buƙaci zuwanka ba,
Domin da ka zo da ba ka zo ba duk ɗaya ne,
Kuma da an sa wani a gurbinka da ba a lura ba.
Ɗan Adam yana so a yarda tunaninsa nasa ne,
Shi ya auna ya zaɓa, ba ɗora masa aka yi ba.

Dattijo daga Tsohon Zango:
'Yata, kin yi gaskiya, amma akwai saura,
Domin a wurin magabata bin sawu yabo ne.
Alfazazi ya tsara Ishiriniya,
Wanda ya yi mata tahamisi babban malami ne,
Ya haɗa layukansa uku da biyu na wani,
Ba wanda ya tashi ya ce ɓarawo ne.
Kari goma sha shida aka ƙidaya a aruli, ilimin awon waƙa,
Duk mai baiti a cikinsu magaji ne.

Ina tunatar da ku cewa Alhaji Umaru, malami kuma mawaƙi haifaffen Kano, wanda ya rasu a garin Kete-Krachi na nan Ghana a 1934, a kan irin wannan awo na gado ya tsara waƙoƙinsa, kuma har yau malaman ƙasar nan suna ambatonsa da girmamawa.

Hajiya mai atamfa a Kejetia:
Baba, mu a kasuwa muna tare da kai,
Mai magana ɗaya shi ake ba bashi,
Wanda aka san halinsa jiya da yau,
Shi ake bar wa rumfa da kayan da ke ƙarƙashi.
Masaƙin kente na Bonwire zanen kakanni yake bi,
Kowane zane da sunansa tun kafin a haife shi,
Amma in ka ce masa kwafa kawai yake yi,
Ka share makonnin da ya yi zaune yana saƙa shi.
Abin da ke ci masa rai shi ne an raina guminsa,
An ga zanen sarai, shi ne ba a gan shi.

Malamar makaranta daga Asawasi:
Baba, ka gafarce ni, zan ƙara baiti,
Domin yaran yau ba zamaninku suka tarar ba.
Suna ɗora rubutunsu a Facebook gaban jama'a,
Inda ba a tsayawa ga abin da bai ba da mamaki ba.
Mai tahamisi an yabe shi don ya bi malaminsa,
Su kuwa ba a taɓa yaba musu bin kowa ba.
Na ga ɗaliba da aka ce wa amsarta ta kowa ce,
Alhali ba ta kwana ba tare da ta yi nazari ba,
Tun daga ranar ta koma kujerar baya,
Har aka yi hutu ba ta sake ɗaga hannu ba.