Gasar ƙwallon raga ta mata a Finland: shawarwarin masu bibiyarta a taƙaice

Gasar Mestaruusliiga, wato babbar gasar ƙasar, tana farawa da kaka, a kammala ta wajen Afrilu. Shawara ta farko ita ce a fahimci lissafin maki. Ana ƙirga wasa da zagaye (set): nasarar zagaye 3-0 ko 3-1 maki 3 ce a teburi. Idan aka tashi 3-2, mai nasara ta ɗauki 2, wadda aka doke 1. Don haka teburi yakan ɓoye ƙungiyar da ke cin wasa da ƙyar. A duba yawan zagayen da ta ci da wanda ta rasa.

Masu sa kuɗi, waɗanda a Finland Veikkaus, kamfanin caca na gwamnati, ke kula da harkarsu, suna iya asara wajen cankar 3-0. Zagaye ɗaya maki 25 ne, kuma karɓar sabis (bugun farko) mara kyau sau biyar a jere ta isa ta zubar da shi. Zagaye na biyar kuwa maki 15 ne kacal, kusan sa'a ce.

Tafiya ma abin dubawa ce: daga Salo, gidan ƙungiyar LP Viesti, zuwa Kuusamo, gidan ƙungiyar Pölkky, kusan yini guda ne a mota. Sannan ƙungiyoyin ba su da 'yan benci masu yawa, raunin mai raba ƙwallo ɗaya yakan rushe tsarin wasansu.